Jeb Stuart, barden Kudancin Amurka da aka sauke daga kan doki shekara 156 bayan mutuwarsa

Kimanin kilomita 10 arewa da Richmond, babban birnin jihar Birjiniya ta Amurka, akwai wata tsohuwar hanya da ake kira Telegraph Road. Gidajen kwana sun kewaye ta, har mai wucewa da mota kan iya shuɗewa bai lura da komi ba. Amma a kan wani ɗan tudu a bakin hanyar akwai dogon dutse da aka sassaƙa aka kafa a 1888. Tsofaffin sojojin doki ne suka kafa shi, daf da inda harsashi ya sami shugabansu, Janar James Ewell Brown Stuart, ranar 11 ga Mayun 1864. Washegari ya cika, yana da shekara 31.

Birjiniya ta fara kafa allunan tarihi a bakin hanyoyinta tun 1927, kuma yau sun haura 2,500. Alluna ne masu ruwan azurfa da baƙin rubutu, kowane na ba da labarin abin da ya faru a wurin cikin ƴan layuka. Da yawansu kan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 suke magana, kuma duk inda maganar ta zo kan karon mahaya dawaki, sunan Stuart ne ke ta maimaituwa. Allon zai faɗi rana, ya faɗi mashigin da aka ƙetare, wani lokaci har da yawan dawakin da aka kwashe. Dalilin da ya sa mutumin ya hau dokin tun farko ba ya samun wuri a kan ƙarfen. Wannan sai a tarihin rayuwarsa ake samun sa.

An haife shi ranar 6 ga Fabrairun 1833 a wata gona mai suna Laurel Hill, cikin gundumar Patrick, kusa da iyakar Birjiniya da Karolina ta Arewa. Shi ne na takwas cikin ƴaƴa 11. Mahaifinsa Archibald lauya ne kuma ɗan siyasa da ya taɓa zama ɗan majalisar wakilai ta ƙasa. Mahaifiyarsa Elizabeth, mace mai riƙo da addini, ita ce ke kula da gonar, wadda bayi baƙar fata ke nomawa kamar sauran gonakin masu hali na yankin. Daga haruffan farko na sunayensa uku aka haɗa masa laƙabin Jeb, da shi kuma duniya ta san shi.

A 1850 ya shiga makarantar hafsoshi ta West Point. Shekara biyu bayan haka aka kawo Robert E. Lee ya shugabanci makarantar, yaron ya saba da gidansa, kuma wannan sabo ne ya ɗora shi kan hanyar da ya bi har ƙarshe. Ya fita a 1854 yana na 13 cikin ɗalibai 46. Aka tura shi Teksas, daga nan Kansas, inda aikin sojan doki a lokacin shi ne yaƙar ƴan asalin ƙasar da ake ƙwace wa filaye. A Yulin 1857, a wani karo da ƴan ƙabilar Cheyenne a bakin kogin Solomon, an harbe shi a ƙirji daga kusa, ya sha da ƙyar. Kafin nan, a Nuwamban 1855, ya auri Flora, ɗiyar Kanal Philip St. George Cooke, ɗaya daga cikin manyan masana yaƙin doki na sojan Amurka. Ma'auratan sun mallaki bayi biyu har zuwa 1859.

Ƙofar John Brown

Wani ƙugiya ne ya kai shi Washinton a Oktoban 1859. Ya ƙirƙiro wata hanyar rataya takobi a ɗamara yadda mahayi zai cire shi da sauri, ya zo ya sayar wa gwamnati da fasahar, aka biya shi dalar Amurka 5,000. Yana cikin ofishin ma'aikatar yaƙi labari ya iso cewa wasu mutane sun kama rumbun makamai na Harpers Ferry. Jagoransu John Brown ne, wani Bature mai tsananin ƙin bauta, wanda ya zo da mutum 21, biyar daga cikinsu baƙar fata, da niyyar raba wa bayi bindigogi su tashi. Aka ba Lee umarnin murƙushe su, Stuart ya nemi ya bi shi a matsayin mataimaki.

Da safiyar 18 ga Oktoba, Stuart ne ya ɗauki farar tuta da takardar neman miƙa wuya ya nufi ɗakin ajiye kayan kashe gobara inda Brown ya maƙale. Da aka ɗan buɗe ƙofa ya gane tsohon, don ya taɓa ganin sa a Kansas. Brown ya ƙi sharuɗɗan. Stuart ya ja gefe ya kaɗa malafarsa, alamar da aka shirya ke nan, sojoji suka fasa ƙofa da tsani, cikin ƴan mintoci aka gama. An rataye Brown ranar 2 ga Disamba. Wato tun kafin a fara yaƙin, Stuart ya riga ya tsaya a bakin ƙofar da ta raba masu son a ƴanta bayi da masu son a ci gaba da riƙe su, kuma kowa ya ga ɓangaren da yake.

A 1860 bayi a Amurka sun kusa miliyon 4, kuma babu jihar da ta kai Birjiniya yawansu, kusan 490,000. Da aka zaɓi Abraham Lincoln, jihohin Kudu suka fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya har suka kai 11, kuma wasu daga cikin takardun ɓallewarsu sun ambaci kare bauta ƙarara a matsayin dalili. Birjiniya ta bi sahu a Afrilun 1861. A watan Mayu Stuart ya ajiye kakin sojan tarayya ya koma gida. Surukinsa Cooke, shi ma ɗan Birjiniya, ya ƙi bin ƴan aware. Abin ya ƙona wa Stuart rai har ya canza wa ɗansa suna: yaron da aka raɗa wa sunan kakansa na wajen uwa ya koma mai sunan ubansa.

Zagaye rundunar McClellan

Aikin sojan doki a wancan yaƙi ba sukuwa da takobi ba ne kawai. Babban aikinsu shi ne zama idon runduna: su gano inda abokin gaba yake da yawansa, su kuma hana nasa mahayan leƙo asirinsu. A nan Stuart ya fi kowa a shekarun farko. Kudu ƙasar noma ce, yaranta sun tashi a kan sirdi, kuma kowane soja da dokin gidansu ya zo. Ƴan Arewa kuwa da yawa daga birane aka kwaso su, sai a sansani suka fara koyon riƙon linzami.

A Yunin 1862 rundunar Janar George McClellan, mutum kusan 100,000, ta matso har bakin Richmond, wadda ƴan aware suka mayar babban birninsu. Lee, da bai daɗe da karɓar jagoranci ba, ya aiki Stuart ya duba masa ɓangaren dama na wannan runduna. Ranar 12 ga wata Stuart ya fita da mahaya 1,200. Ya ga abin da aka aike shi gani, cewa ɓangaren a buɗe yake ba kariya. Maimakon ya juyo ta inda ya fito, inda ya san za a tare shi, sai ya miƙe gaba ya zagaye rundunar baki ɗaya. Da suka iso kogin Chickahominy suka tarar ya cika ya batse, suka ɓalle katakan wani tsohon gini suka gyara wata karyayyar gada, suka ƙetare, suka cinna mata wuta. Sun yi tafiyar fiye da kilomita 150 cikin kwana huɗu, suka dawo da fursunoni 165 da dawaki da alfadarai 260. Wanda aka ɗora wa alhakin kamo shi a ɓangaren tarayya kuwa surukinsa ne, Cooke, wanda ya yi ta jinkiri har tsuntsu ya tashi.

Mutum guda Stuart ya rasa a wannan fita, wani hafsa mai suna William Latané. Bayan shekara biyu wani mai zane ya zana jana'izarsa: matan Turawa na tsaye a bakin kabari, bayi na gefe cikin alhini kamar nasu ne ya mutu. Bayan yaƙi an buga hoton an rataya a ɗakunan Kudu ba adadi. Irin labarin da ake so a riƙe ke nan, na bayi masu biyayya da iyayengiji masu tausayi. Hanyar da mahayan suka bi kuwa, yau akwai jerin alluna a kanta masu ɗauke da sunan Stuart.

Jaridun Kudu suka ɗauke shi suka aza a ka, shi ma ya san yadda ake ciyar da su. Malafarsa da gashin jimina, alkyabbarsa toka-toka mai jan ciki, ɗamararsa rawaya, ga gemu har ƙirji. Ba ya shan giya, amma yana son rawa da waƙa, kuma duk inda ya yada zango akwai makaɗinsa Sam Sweeney da banjo. Wannan abin kiɗa bayi ne suka ƙera shi a ƙasashen da aka kai su, bisa tsarin kayan kiɗan Afirka ta Yamma, dangin gurmi da molo. Da shi ake yi wa janar ɗin da ke kare bauta kiɗan dare.

A Agustan 1862 mahayan tarayya suka rutsa shi yana hutawa, ya tsere ya bar malafar. Bayan ƴan kwanaki ya kai samame sansanin Janar John Pope ya ɗauko rigarsa ta ado da takardunsa, har ya aika da tayin a yi musaya. A Oktoba ya sake zagaye McClellan, wannan karon har cikin Pensilbaniya, ya koro dawaki kusan 1,200. A ƙarshen shekarar ya kama wata tashar tangaraho ya aika wa mai kula da kayan sojan tarayya ƙorafi cewa alfadaran da yake ƙwacewa ba su da ƙwari. Cikin wannan shekara ta nasara ne ɗiyarsa Flora, ƴar kimanin shekara biyar, ta rasu da zazzaɓin taifot yana bakin daga. Kuma don kada a ɗauka ado ne kawai, a Mayun 1863 a Chancellorsville, da aka harbi Janar Stonewall Jackson cikin dare, Stuart aka miƙa wa dubban sojojin ƙasa da bai taɓa jagoranta ba, ya kuma kai su ga nasara washegari.

Brandy Station

Farkon Yunin 1863 yana da mahaya kusan 9,500 a gundumar Culpeper, mafi yawa da ya taɓa riƙewa. Sai ya shirya hawa. Ranar 5 ga wata aka kawo baƙi da ƴan mata cikin jirgin ƙasa, aka jera dawaki, aka yi sukuwa da zare takubba, igwa na tashi ba harsashi, da dare aka yi rawa. Lee bai samu zuwa ba, don haka ranar 8 aka sake hawan dominsa. Sojoji suka yi ta gunaguni, dawaki suka gaji.

Da asubar ranar 9, cikin hazo, mahayan Janar John Buford na tarayya suka ƙetare kogin Rappahannock ta mashigin Beverly suka faɗa wa masu gadi. Wasu ƴan Kudu ba su samu ɗaura sirdi ba suka haye haka nan. Stuart na can yana fama da Buford, aka zo aka gaya masa wata runduna ta biyu, ta Janar David Gregg, ta ƙetare ta wani mashigin tana zuwa ta bayansa. Da farko bai yarda ba. Tudun Fleetwood, inda ya kwana a daren, kusan ba kowa a kansa sai mataimakinsa Henry McClellan, ɗan baffan wancan McClellan ɗin da aka zagaye, da igwa guda wadda harsasanta suka kusa ƙarewa. Da ita ya yi ta harbi jefi-jefi, ƴan Arewa suka ɗauka tudun cike yake da sojoji suka dakata, kafin nan agaji ya iso.

Abin da ya biyo baya shi ne karon doki mafi girma da aka taɓa yi a Amurka ta Arewa. Kusan mutum 20,000 ne a filin, mafi yawansu a kan dawaki. Tudun ya yi ta sauya hannu, ƙura ta turnuƙe har ba a rarrabe kaki, aka yi kare jini biri jini da takobi da ƙaramar bindiga tun safe har yamma. Daga ƙarshe ƴan tarayya suka janye suka koma ƙetaren kogi. Sun rasa kusan mutum 900 tsakanin matattu da raunana da kamammu, Kudu ta rasa kusan 500. Stuart ya riƙe filin ya kuma ce ya yi nasara. Jaridun Richmond ba su karɓa ba: suka ce an yi masa ba-zata har sau biyu a rana ɗaya saboda ya shagala da wasa. Shi kansa Henry McClellan ya rubuta daga baya cewa a wannan rana ce sojan dokin Arewa ya gane zai iya.

Filin Brandy Station ya kusa ɓacewa. A ƙarshen shekarun 1980 an so a gina masana'antu da ofisoshi a kansa, daga baya aka kawo shirin filin tseren motoci. Ƙungiyoyin kare wuraren tarihi suka yi ta sayen gonakin ɗaya bayan ɗaya, a 2013 suka sayi ƙololuwar Fleetwood suka rushe wani katafaren gida da aka gina a kai. A 2024 jihar ta buɗe wurin a matsayin gandun tarihi. Kusa da layin dogo akwai wani tsohon gida da sojojin ɓangarorin biyu suka cika bangonsa da sunayensu da gawayi, har da wani sa hannu da ake danganta wa Stuart.

Kwana takwas ba labari

Masana tarihi da dama na ganin zafin abin da jaridu suka rubuta ne ya bi shi zuwa Gettysburg. Lee ya nufi Pensilbaniya da dukan rundunarsa, ya ba Stuart umarni mai sassauci, wanda ya bar masa zaɓin hanya. Ranar 25 ga Yuni ya ɗauki mafi kyawun rukunoninsa uku ya nufi bayan abokan gaba, kamar yadda ya saba. Sai dai wannan karon rundunar tarayya ba a zaune take ba, tafiya take yi arewa, ta shiga tsakaninsa da Lee. A Rockville, kusa da Washinton, ya kama amalanke fiye da 120 shaƙe da kaya, ya ƙi barin su, suka zame masa dutse a ƙafa. Kwana takwas Lee bai ji ɗuriyarsa ba. Daga bakin wani ɗan leƙen asiri ya ji cewa abokan gaba sun ƙetare kogin Potomac.

A wannan mamaya, wasu mahayan Kudu da suka riga shiga Pensilbaniya sun yi ta farautar baƙar fata a garuruwa irin su Chambersburg da Mercersburg, waɗanda suka gudo daga bauta da waɗanda aka haifa ƴaƴa, suna kora su kudu. Mazauna garuruwan sun rubuta abin da suka gani da idonsu.

Ranar 1 ga Yuli aka yi karo a Gettysburg ba tare da Lee ya san girman abin da ke gabansa ba, kuma Buford ɗin nan na Brandy Station ne ya tare hanya da mahayansa har sojan ƙasa suka iso. Stuart bai bayyana ba sai ranar 2 da rana, da dawaki a galabaice. Ranar 3 ya yi ƙoƙarin zagayawa ta gabas, kilomita biyar daga garin, ya ci karo da Gregg da wani janar ɗan shekara 23 mai suna George Custer. Dawakin ɓangarorin biyu suka haɗu a guje, waɗanda suka gani sun ce wasu har tuntsurawa suka yi suka danne mahayansu. Ba wanda ya kori wani, amma Stuart bai wuce ba. Lee ya sha kashi a Gettysburg, kuma cikin rahotonsa ya rubuta cewa rashin sojan doki ya kawo wa tafiyarsa cikas. Masu kare Stuart na da hujja: Lee ne ya ba shi zaɓi, kuma an bar masa wasu rukunonin doki da bai yi amfani da su yadda ya kamata ba. Amma mutumin da aikinsa shi ne zama ido, ranar da aka fi bukatarsa yana can yana kora amalanke.

A wancan fili na gabashin Gettysburg, wanda baƙi ba su cika zuwa ba, akwai dogon dutse da aka kafa a 1884 don tunawa da mahayan da suka gwabza, da wani na rukunin Michigan na Custer da aka kafa a 1889.

Yellow Tavern

Zuwa 1864 ruwa ya fara ƙare wa ɗan kada. Tsarin kowa ya zo da dokinsa, wanda ya ba Kudu fifiko da farko, ya juye mata: wanda dokinsa ya mutu sai ya tafi gida neman wani, ga ƙarancin ciyawa da hatsi. Arewa kuwa gwamnati ce ke sayen dawaki dubu-dubu, ta kuma raba wa mahayanta da yawa bindigar Spencer mai harbi bakwai kafin a sake ɗurawa. Sabon shugabansu, Janar Philip Sheridan, ya samu izini daga Janar Grant ya fita takanas don ya gama da Stuart.

Ranar 9 ga Mayu Sheridan ya kama hanyar Richmond da mahaya sama da 10,000, jerin da ya kai tsawon kilomita 20, yana tafiya a hankali don kowa ya gan shi. Stuart ya biyo shi da ƙasa da rabin wannan adadi. A hanya ya ɗan ratse ya ga matarsa da yara a Beaver Dam, ganin ƙarshe ke nan. Ya yi tafiyar dare ya sha gaban Sheridan a wani tsohon masauƙi da aka yi watsi da shi, Yellow Tavern. Da la'asar ranar 11 mahayan Custer suka far wa ɓangaren hagunsa. Stuart ya sukwano wurin, yana kan doki yana harbi da ƙaramar bindiga. Aka kora ƴan Michigan baya, amma ɗaya daga cikin waɗanda suka rasa dokinsu, yana gudu a ƙasa, ya juyo ya harbe shi a ciki. Rahoton rukunin ya ba wani soja mai suna John Huff wannan harbi, shi ma kuma bai kai ƙarshen watan ba aka yi masa raunin da ya kashe shi.

Aka ɗauki Stuart zuwa gidan mijin ƙanwar matarsa, wani likita a Richmond. Shugaban ƴan aware Jefferson Davis ya zo duba shi. Ya cika da maraicen 12 ga Mayu. Flora, wadda yankewar layin dogo da gadoji ta tsare a hanya, ta iso bayan sa'o'i kaɗan. An binne shi a maƙabartar Hollywood ta birnin. Ita kuwa ba ta sake aure ba, ta yi shekaru tana shugabantar wata makarantar ƴan mata a Staunton, tana sanye da baƙaƙen kaya har ta rasu a 1923.

Wata 11 bayan mutuwarsa, ranar 3 ga Afrilun 1865, Richmond ta faɗi. Cikin sojojin farko da suka shiga birnin akwai rukunin doki na biyar na Massachusetts, baƙar fata ne a kan dawakin. Bayan kwana shida Lee ya miƙa wuya. Yaƙin ya ci rayuka fiye da 600,000, ya kuma kawo ƙarshen bauta a ƙasar.

Wa ya kafa, kuma yaushe

Dutsen Yellow Tavern na 1888 aikin abokan yaƙinsa ne, mutanen da suka bi shi suka ga faɗuwarsa. Abin da ya zo daga baya wani abu ne dabam. Ranar 30 ga Mayun 1907 aka buɗe wani babban mutum-mutumin tagulla na Stuart a kan ingarma mai ɗaga ƙafa, a kan titin Monument Avenue na Richmond, yayin wani gagarumin taron tsofaffin sojojin Kudu. Shekara biyar kafin nan, a 1902, Birjiniya ta sake tsarin mulkinta yadda mafi yawan baƙar fata suka rasa damar jefa ƙuri'a. Lokacin ne kuma ake cusa wa yara a makarantu cewa Kudu ta yi yaƙi ne don mutunci da haƙƙin jihohi, ba don bayi ba. Stuart ya dace da wannan labari fiye da kowa: saurayi, mai ado, mai ibada, wanda ya mutu kafin ya ga kunyar shan kashi. A 1959, daidai lokacin da hukumomin jihar ke turjiya ga hukuncin kotun ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantun fari da baƙi, aka buɗe wata sakandare a gundumar Fairfax da sunansa.

Masu son sa na cewa a auna shi da ma'aunin zamaninsa, soja ne da ya bi jiharsa, kuma ƙwarewarsa ba abin musu ba ce. Gaskiya ne ba abin musu ba ce: har sojan Ingila sun raɗa wa wata tankar yaƙi ƙirar Amurka sunansa a yaƙin duniya na biyu. Sai dai surukinsa ma ɗan zamanin ne kuma ɗan jihar, ya zaɓi wata hanya, kuma ba a kafa masa tagulla a Monument Avenue ba.

A 2018 makarantar Fairfax ta sauya suna zuwa Justice. A shekarar ce kuma wata firamare ta Richmond mai sunansa, wadda kusan duk yaranta baƙar fata ne, ta koma sunan Barack Obama. Bayan kisan George Floyd a Mayun 2020, masu zanga-zanga suka mamaye Monument Avenue suka cika gindin gumakan da fenti. Magajin garin Richmond na lokacin, Levar Stoney, ya ba da umarnin a sauke su. Ranar 7 ga Yuli ma'aikata suka ɗaura wa dokin Stuart igiyoyi, na'urar ɗaga kaya ta cira shi sama jama'a na kallo, aka kwantar da shi a bayan babbar mota. An kai shi ajiya a harabar matatar ruwan datti ta birnin, daga baya kuma hukumomi suka miƙa mallakarsa, tare da na Lee da na Jackson, ga gidan adana tarihin baƙar fata na Birjiniya.